KBIC-240 a kan ɗan injin milin: abin da ya yi min da inda ya gaza

Jama'a masu ɗan injin milin na kan tebur, wato injin da ke yanka ƙarfe da kota mai juyawa, irin ƙananan nan na China masu moto 350W da giya biyu, wannan bayani naku ne, musamman wanda bod ɗinsa na sarrafa gudu ya mutu yana ta tunanin me zai saka a madadinsa. Ni KBIC-240 na saka, na kamfanin KB Electronics da ke Coral Springs a jihar Fulorida ta Amurka, wanda Nidec na Japan suka saye a 2015, kuma in faɗa muku tun daga farko ya yi, in buƙata ta sake tasowa shi zan ƙara saya. Amma fa ba kowa ne ya kamata ya saye shi ba, sannan ba abu bane da zaka ciro daga kwali ka jona ka hau aiki, akwai 'yan hidimomi.

Kafin ka tura ma kowa kuɗi dan Allah ka ɗauki tocila ka leƙa ɗan farantin da ke jikin moton ka karanta, domin shi ne zai gaya maka irin kwantirolan da za ka nema. In moton DC ne mai kabon, wato zakaga murafu biyu baƙaƙe a gefensa da ake kwancewa a canza kabon, kuma wayoyi biyu ne ke shiga sai ta at, wato wayar ƙasa mai kare mutum daga shokin, toh kai ne mutumin KBIC. In mara kabon ne irin na injin milin SX2 mai 500W, wanda wayoyi uku masu kauri da wasu ƙanana na sensa ke fita daga cikinsa, rufe wannan bayani kawai ka nemi bod ɗinsa na asali, KBIC ba zai ko motsa shi ba. In kuma moton AC ne mai fes uku, VFD ne naka, wato na'urar da ke sarrafa gudun moton AC ta hanyar canza Hz na wutar, zan taɓo shi can ƙasa. Masu ɗan injin 3018 ɗin nan na sassaƙa katako da moto 775 mai 24V ku ma ba ruwanku da wannan, bod ɗin GRBL da ke tuƙa injinku ya riga ya tanadi hanyar rage gudu.

Nawa farantin ya ce 180V DC, 350W. Wutarmu kuwa 230V ce 50Hz, shi yasa lambar 240 ɗin, domin akwai KBIC-120 na wutar Amurka 115V mai fitar da 90V, kuma za ka riƙa ganinsa a hotuna da bidiyo, kar ka ga kowa na yabon sa ka danna shi.

Toh me yasa ma mutum zai kashe kuɗi a kan wannan bayan ga regiletan nan mai araha da aka rubuta 4000W a jikinsa, mai ɗan bolum guda, da ke cike a AliExpress da shagunan kayan wuta? Nan ne maganar take, kuma nan nake so in daɗe.

Injin milin ba a gudu yake shan wahala ba, a hankali yake shan ta. Lissafin da ake yi shi ne ka ɗauki gudun yanka na ƙarfen a mita cikin minti, ka ninka da 1000, ka raba da 3.14 sau faɗin kota a milimita. Baƙin ƙarfe na gama gari da kotar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri da aka saba amfani da ita, ana ba shi wajen mita 25 zuwa 30, kaga kota mai 10mm tana son juyi 800 ko sama kaɗan a minti, diril 12mm wajen 660, in kuma ka ɗaura filai kota, wato kota mai haƙori ɗaya, mai faɗin 50mm don share fuskar ƙarfe sai ka sauko har wajen 160. Injin kuma a ƙaramar giya ƙarshensa 1100, babbar giya 2500, wato a juyi 160 moton na aiki ne da abin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari na wutarsa ba, kamar 26V kenan cikin 180V. Shi kuma moton DC gudunsa na bin boltej ne, ƙarfin murɗawarsa na bin amfiya, kuma wayar da aka naɗe a cikinsa tana cinye wani ɓangare na boltej ɗin duk lokacin da amfiya ta tashi. A ce naɗin yana da ohm 5, kota ta ciji ƙarfe moto ya ja amfiya 2, 10V sun tafi kenan a banza. A cikin 180V ba za ka ma ji ba, amma a cikin 26V an kwashe maka fiye da kashi ɗaya cikin uku, sai kaji injin ya yi nishi, gudu ya faɗi, kota ta fara sara maimakon yanka, in ba ka ja baya da sauri ba ta kafe a cikin aiki, daga nan ko haƙorin kota ko giyar roba da ke cikin kan injin wani ya tafi.

Regiletan 4000W ɗin nan bai san da wannan ba sam, dima ce ta fitila da hita aka ƙara mata girma, tirayak ne guda a ciki, wani ɗan makunnin lantarki, yana yanka wutar AC, in ka bi shi da birij rektifaya mai mayar da AC zuwa DC zai juya moton DC ɗin lafiya lau kuma ba kaya a kai zakaga kamar ka ci riba, kana murɗa bolum gudu na hawa na sauka. Amma ba ya auna amfiyar da moto ke ja, ba ya ƙara wuta in kaya ya yi nauyi, ba ya yankewa in abu ya kafe, zai ta tura wuta ne har naɗi ya yi wari. Kamar mai tuƙa babur ne da aka ɗaure ma totur wuri guda, a shimfiɗaɗɗen titi komai daidai, da ya iso hawa sai ya mutu a tsakiya. Don fanka ko hita ko ma injin goge ƙarfe ban ce komai ba, amma a kan sifindil na milin, wato sandar da ke juya kota, gaskiya ban ba kowa shawara ba.

Shi KBIC abin da ka biya kuɗi dominsa abu biyu ne, wanda aka rubuta IR da wanda aka rubuta CL a jikin bod. IR ɗin yana kallon amfiyar da moto ke ja, da ta tashi sai ya ƙara boltej daidai abin da naɗi ya cinye, gudu ya tsaya inda ka ajiye shi. CL kuma iyaka ce, amfiya ba za ta wuce inda ka saita ba ko da sifindil ya kafe ƙam. Kamfanin sun rubuta cewa yana riƙe gudu daga sama har ƙasa kashi 1 cikin 50, ni dai abin da idona ya gani shi ne, na manna ɗan maganaɗisu a saman sifindil da sensa mai nuna lamba, irin takomita mai arahar nan, na ajiye a 160 da filai kota a kan wani guntun baƙin ƙarfe da nake son in mayar tubalin matse aiki, kota na shiga lambar ta ɗan girgiza ta sauka kaɗan ta dawo ta zauna, sautin ya zama tak tak tak a jere ba ya ja ba ya saki, ɓarɓashin na fitowa a nannaɗe ruwan toka ba shuɗi ba, fuskar ƙarfen kuma ta fito da layukan baka masu tazara ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin yadda layukan nan ke cukurkuɗewa a tsakiyar aiki in gudu ya faɗi ya san me nake nufi.

Abin da ke zuwa a kwali bod ne tsirara a kan farantin alminiyam, da bolum 5K, da takardar bayani. Akwai wata 'yar resisto da ake tsirawa a kan bod ɗin wadda ke gaya masa girman motonka, kuma ita daban ake sayar da ita, ba ta cikin kwalin, in babu ita bod ba zai yi aiki ba. Da yawan masu sayarwa ba sa ma ambatonta a tallansu, sai kaya ya iso mutum ya zauna jiran 'yar abar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. 350W kusan rabin doki ne, a 180V kuwa jadawalinsu ya ba rabin doki 0.05 ohm, ita na saka. Kar ka ce bari in sa ta babban moto don in samu ƙarfi, abin da za ka yi kawai shi ne ka ruɗa IR da CL su riƙa lissafi da moton da ba shi ke gabansu ba. Shi bod ɗin kansa yana ɗaukar har doki 1 haka nan, doki 2 in an ƙara masa hitsink, don haka ga namu ko ɗumi sosai ba ya yi.

Jonawa ba wuya ga wanda ya saba da waya. L1 da L2 wutar gari, A+ da A- su tafi moto, P1 P2 P3 na bolum. F+ da F- na moto mai naɗin fil ne, wato mai naɗin waya a madadin maganaɗisu, namu mai maganaɗisu ne a bar su haka ba komai, kuma kar a kuskura a jona moton a kansu. Fiyus ka saka biyu, ɗaya a layin shiga ɗaya a layin moto, kuma na gaske ba zaren waya da ake naɗawa ba.

Saitin ne ke son natsuwa. Ƙananan bolum biyar ne a kan bod, MIN, MAX, ACCEL, IR da CL, da ɗan sukundireba mai hannun roba ake murɗa su. MAX na fara, mita a kan A+ da A-, babban bolum a ƙarshe, na daidaita har ya tsaya 180V. MIN na sauke yadda in bolum ya koma farko sifindil zai tsaya cak. ACCEL na ɗan ƙara masa don ya riƙa tashi a hankali saboda giyar roba ba ta son fizga. CL daga kamfani yana zuwa a kan ninki ɗaya da rabi na amfiyar moto, ni na rage shi kaɗan, gara injin ya tsaya in ja baya da in buɗe kai ina canza giya, kuma yadda ake saita shi sai an sa mitar amfiya a layin moto an riƙe sifindil, takardar ta yi gargaɗi kar a riƙe fiye da 'yan daƙiƙu, ku bi wannan gargaɗin. IR shi ne mai rigima. In ya yi kaɗan gudu na faɗuwa da kaya, in ya yi yawa kuma sai kaji moto na numfashi, wuu wuu, yana hawa yana sauka shi kaɗai ba kaya, wani lokaci ma kota na shiga ƙarfe sai gudu ya ƙaru maimakon ya ragu, wannan alamar ka wuce ne. Ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan a ƙaramin gudu kana yanka, da ka ji alamar numfashin nan ka koma baya ɗan taƙi ka bar shi nan. Oga na da ya koya min lez cewa yake kunne ya fi mita a irin wannan, ni dai na haɗa duka biyun.

Yanzu inda ban ji daɗi ba, kuma ba laifin ƙira bane, haka irinsa yake, amma ya kamata mai saye ya sani.

Na farko ƙara. Da SCR yake aiki, ɗan makunnin lantarki irin tirayak, yana yanka wutar 50Hz yana tura ma moto a dunƙule sau 100 a daƙiƙa, don haka a ƙaramin gudu akwai wani gurnani da moton ke yi, zzzz, kuma yana ɗan fi ɗumi a kan yadda yake da bod mai PWM, wanda ke yanka wutar sau dubbai a daƙiƙa. Wasu na saka cok, wato wani naɗin waya, a layin moto ya lafa, KB ɗin ma suna da masu PWM irin KBWT in kana son shiru kuma aljihu zai ɗauka. Ni ƙarar giyar injin ma ta rufe gurnanin, ban damu ba.

Na biyu, kuma wannan shi ne wanda nake so kowa ya ji da kyau, bod ɗin nan ba a raba shi da wutar gari ba. Wayoyin bolum ɗin nan uku da kake gani sirara kamar na rediyo suna ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum. Bolum ya samu kan roba, bayansa a rufe, akwati in na ƙarfe ne a ɗaure shi da at na gaske. Masu niyyar mayar da injin CNC, wato kwamfuta ta riƙa tuƙa shi, su riƙa ba da gudu daga manhajar Mach3 ko bod ɗin Arduino, kar ku jona P2 kai tsaye da bod ɗin kwamfuta, sai an sa abin rabawa a tsakani, nasu sunansa KBSI-240D, in ba haka ba daga bod har kwamfutar za su tafi tare.

Na uku ya fi shafar mu nan da ake ɗauke wuta ba sallama. In kana cikin yanka wuta ta ɗauke, bolum na nan inda ka bar shi, makunni na kunne, toh duk lokacin da aka dawo da ita sifindil zai tashi da kansa, ko hannunka na kan kota kana kwancewa ko sifana na rataye a dirobar, wato dogon bolt ɗin da ke riƙe kota a cikin sifindil. Yawancin bod ɗin asali na waɗannan injina sai ka mayar da bolum sifili kafin su yarda su sake tashi, KBIC ba ya wannan. Maganinsa kwantakta ƙarama mai riƙe kanta da maɓallin kore da ja, ko makunnin NVR irin na injin yankan katako, wuta na ɗaukewa ya saki, ba zai koma ba sai ka danna kore da hannunka. Wallahi ko ba ka da kuɗin takomita ka fara sayen wannan, ni ban ɗauke shi a matsayin ƙari ba, cikin kuɗin bod nake lissafa shi.

Baya kuma babu, hanya ɗaya yake juyawa. Ana iya sa makunni mai juya A+ da A- amma sai sifindil ya tsaya cak kafin a taɓa shi, juya shi yana gudu na kashe SCR. A milin ba kasafai ake buƙatar baya ba sai mai yanka zare da tap, ni ban saka ba ma. Sannan tunda tsirara yake zuwa akwati dole ne, ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu an gama, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, nawa a akwatin roba na masu wayarin yake a bango nesa da tebur, da 'yan ramukan iska ta ƙasa.

Maganar lo boltej, abin da birij zai iya fitarwa bai wuce 0.9 na wutar da ta shigo ba, 230V na ba da wajen 207V kaga akwai rara a kan 180V, amma in wutar unguwa ta sauko 190V abin da zai fito bai wuce 171V ba, babban gudu ya ragu kenan kuma IR ba shi da inda zai ƙaro a sama. A ƙaramin gudu ba matsala. Da ƙaramin janareto mai haɗin mai da baƙin mai kuwa na lura lambar takomita na yawo tunda shi kansa janareton gudunsa ba ya zama wuri guda in kaya ya canza, da babba mai AVR, wato mai daidaita boltej da kansa, lafiya lau.

Toh VFD fa? In motonka ma ya ƙone tare da bod, ko kana da wurin ɗaura babba, gaskiya moton fes uku mai fol 4 da ke juyi wajen 1400 a 50Hz, a jona shi delta 230V, da ƙaramin VFD mai shan fes ɗaya, da bel a madadin giyar roba, ya fi wannan duka, ba kabon, ga baya, ga birki, wayoyin boluminsa kuma ba wuta mai kisa. Sharaɗinsa kar ka sa makunni tsakanin VFD da moto, kuma in za ka daɗe a ƙasan 20Hz ka ƙara masa fanka don tasa ba ta hura komai a wannan gudun. Amma nauyi ne a kan ɗan injin da ginshiƙinsa dama ba wani ƙarfi ba, kuma sai ka ƙera mazauni da fuli. Abin da nake hana mutane shi ne sifindil ɗin nan 1.5kW da ake sanyaya su da ruwa da ake haɗawa da VFD na Huanyang, 400Hz juyi 24000, suna da kyau ƙwarai a katako da roba da alminiyam da ƙananan kota, kota 6mm a alminiyam ma tana son sama da 4500 wanda namu ba ya kaiwa, amma a juyi 800 da baƙin ƙarfe ke so ba su da wani ƙarfi ko kaɗan, ba don wannan aikin aka yi su ba.

Masu tsinto moton injin gudu na motsa jiki a kayan gwanjo, irin wanda ake samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, KBIC na tuƙa shi da kyau tunda shi ma DC ne mai maganaɗisu, sai dai ku karanta faranti, wanda ya fito daga Turai yawanci 180V ne ya dace da 240 ɗin, na Amurka kuwa 90V zuwa 130V ne, shi akwai KBIC-240DS da aka yi don moto 90V a kan wuta 230V, kuma dawakan da ake rubutawa a jikin waɗannan motoci kar ku ɗauke su da zafi, amfiyar za ku duba ku zaɓi resisto da ita.

Kuɗinsa ya ninka na regiletan 4000W sau da yawa, ga kuɗin jirgi ga canjin dala, kuma akwai kwafinsa na China masu irin ƙananan bolum ɗin a farashi ƙasa, wasu na cewa suna aiki, nawa dai na asali ne don haka a kansa kaɗai zan iya magana. In za ka yi oda ka haɗa komai a tafiya ɗaya, bod ɗin, resisto daidai motonka har guda biyu don ba ta da tsada, mazaunin fiyus, kwantakta ko NVR, da kabon na sifiya tunda in ka buɗe moton da ya ƙona bod sau da yawa zakaga kabon ɗin ya cinye ya cika ciki da baƙin gari, ka hure shi ka goge kwamiteta, wato inda kabon ke gogawa, ka auna tsakanin wayar moto da jikinsa ka tabbatar ba ya zubar da wuta kafin ka jona masa sabon bod.